Iska ce ko Ruhu a Yohanna 3:8?

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Wani baƙon mai wa'azi ya ce mana a Yohanna 3:8 kalmar da aka fassara "iska" da wadda aka fassara "Ruhu" ɗaya ce a Girkanci, wai masu fassarar Hausa sun raba abin da yake haɗe. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ke nan wanda bai san Girkanci ba, abin da ke hannunsa bai cika ba?
'Yarka, daga Narayi, Kaduna.

AMSA: 'Yata, ina amsawa, Allah ya yi miki albarka da yaran da kike kiwo. Baƙon naku ya faɗi gaskiya a kan kalmar, amma ya ɗora wa masu fassara laifin da ba nasu ba.

Kalmar ita ce "pneuma". Yesu yana magana da Nikodimu da dare, ya ce pneuma tana busawa inda ta ga dama, kana jin motsinta, ba ka san inda ta fito ko inda za ta ba, haka yake ga duk wanda pneuma ya haifa. Kalma ɗaya a farkon aya da ƙarshenta. Kuma da gangan ne. Girkanci yana da "anemos", kalmar iska ta yau da kullum, Yohanna kansa ya yi amfani da ita a 6:18 inda iska mai ƙarfi ta tayar da teku. A nan ya bar ta, ya ɗauki mai fuska biyu.

Ibrananci ma haka yake da "ruah". A Farawa 1:2 ruah na Allah ne yake shawagi bisa ruwaye. A Farawa 8:1 ita ce iskar da Allah ya turo, ruwan tufana ya janye. Kalmarmu "ruhu" daga Larabci muka aro ta, kuma 'yar ɗaki ɗaya ce da wannan ruah ɗin, sai dai da ta iso ƙasar Hausa ta bar ma'anar busawa a baya.

To me ya hana su rubuta "iska" duka biyun? Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan aya shi ne Hausa tana cikin harsunan da suke da irin wannan kalma mai fuska biyu. Iska tana busawa, iska kuma tana hawa mutum. Ina yaro a ƙauyenmu na ga wata maƙwabciyarmu ta faɗi a bakin rijiya, guga a hannu, tana ta kakari, mata suka rufa mata zane suna cewa iskokinta ne suka tashi. Kakata ta ja ni ta kunne zuwa gida. Wanda ya tashi da wannan a kunnensa, ki karanta masa "Iska Mai Tsarki", bori zai fara zuwa ransa. Ki ƙara da "wanda iska ta haifa", ki ga in ba "ɗan iska" zai ji ba. Kalmar da ta fi kama da Girkancin ita ce za ta kai mai saurare wani gari dabam. Mutanen da suka yi aikin nan, su Dakta Walter Miller na Zariya da Hausawan da suka zauna da su har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, da waɗanda suka sake fassarawa bayansu, sun san wannan. Suka yarda su rasa wasan kalmar, su tsira da ma'anar. Ni da aka ba ni alƙalamin, hukuncin da zan yanke ke nan.

Akwai asara, ba zan ɓoye miki ba. Mai jin Girkanci yana jin haɗin a kunnensa nan take, ke kuwa sai an nuna miki. A wannan surar ma akwai wata, "anothen" a aya ta 3, inda Yesu ya ce sai an haifi mutum anothen. Tana nufin "sake", tana kuma nufin "daga sama". Nikodimu ya kama ta farko, shi ya sa ya tambaya ko tsoho zai koma cikin uwarsa. Amma a 3:31 kalmar nan ce aka faɗa game da mai zuwa daga sama, ita ce kuma a 19:23 game da rigar Yesu da aka saƙa tun daga sama har ƙasa. Mai fassara dole ya zaɓi ɗaya a cikin aya, ɗayar sai malami ya kawo ta. Wannan aikinmu ne, ni da ke.

Abin da ba na so shi ne a tsaya a bagadi a jefa kalmar Girkanci ɗaya, a bar tsohuwa tana kallon littafinta da shakka. Su kansu marubutan Sabon Alkawari sau da yawa daga fassarar Girkanci ta Tsohon Alkawari suke ɗauko ayoyi, wadda Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu. Ba su ce ba ta cika ba.

Ga abin da za ki yi. Ki buɗe Ezekiyel 37:1-14, kwarin busassun ƙasusuwa. Ruah ta zo sau 10 a wurin. Ki ɗauki fensir ki ja layi ƙarƙashin kowane "Ruhu", kowane "numfashi", da kowace "iska". A aya ta 9 kaɗai sau 4 ne, inda ake kiran numfashi ya zo daga iskoki huɗu ya hura cikin kisassun. In kin gama za ki ga abin da idon Nikodimu ya kamata ya gani, shi da yake malamin Isra'ila.

Yaran kuwa, ki jira ranar da hadari ya haɗo kan Narayi. Lokacin da kwanon rufi ya fara ƙara, ledoji suna tashi sama, ganyen mangwaro yana juyawa, ki tsayar da su a bakin ƙofa ki ce su nuna miki iskar da yatsa. Za su nuna ƙura, za su nuna bishiya. Daga nan ki mayar da su kan benci, ki karanta musu Yohanna 3:8.