Amsoshin likita: lissafin ƙwayoyin jini zai iya tona sankarar maƙoƙo?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni malamar makaranta ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi, shekaruna 38. Shekara uku ke nan ina da ɗan ƙullutu a wuya. An yi mini awon ƙirga ƙwayoyin jini da ake kira NFS, sai ƙanena da ke jami'a ya ɗauki takardar ya raba wata lamba da wata, ya samu 3,4. Ya ce ya gani a intanet wannan alamar sankara ce. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

Amsa: Wa alaikumussalam Malama. Ki kwantar da hankalinki, lambar nan ita kaɗai ba ta isa ta yanke wa kowa hukunci ba. Ga abin da ƙanenki ya yi. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, iri-iri ne. Akwai nitirofil, masu rugawa gaba da zarar cuta ta shigo, akwai kuma limfosit, masu tuna fuskar cuta su yi mata kwanto. Idan aka raba yawan na farko da yawan na biyu, misali 5100 a raba da 1500, sai a samu 3,4. Likitoci na kiran wannan lissafi NLR. Ga mai lafiya yakan tsaya tsakanin 1 da 3. Akwai ɗan'uwansa PLR, inda ake raba falaket, wato ƙwayoyin da ke daskarar da jini, da limfosit ɗin.

Gaskiya ne masu bincike sun lura lissafin yakan hau ga wasu masu sankarar tiroyid, wato halittar da ke gaban wuya wadda idan ta kumbura ake ce mata maƙoƙo, musamman mafi muninta da ake kira anafilastik, wadda ba kasafai ake ganinta ba. Amma a sankarar da ta fi yawa, fafilar, mai tafiyar hawainiya, sau da yawa lambar ba ta bambanta da ta mai ƙullutun da ba shi da illa. Kuma abubuwan da ke ɗaga ta ba su ƙirguwa: ciwon haƙori, maruru, juna biyu, shan taba, gajiya bayan tiyata, har da ƙwayoyin dekisa da wasu mata ke haɗiya don su yi ƙiba, domin suna ƙara nitirofil su rage limfosit. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, wanda ba ya barin gida ko ɗaya a Maraɗi daga Agusta zuwa Oktoba, yana kayar da falaket da limfosit, ya birkita lissafin duka biyu. Hayaƙi ne kawai lambar ke nunawa, ba ta faɗin ko girki ake ko gobara.

Akwai wani abin da shafukan da ƙanenki ya karanta ba su cika faɗa ba. Galibin mutanen Afirka ta Yamma, saboda wani gado na jini da ake kira rashin Duffy, nitirofil ɗinsu bai kai na Turawa yawa ba, kuma lafiyarsu lau. Ma'aunin da aka yanka a kan mutanen Turkiyya ko Sin ba lallai ya zauna daidai a jikin Bahaushiyar Katsinar Maraɗi ba.

Abin da ya kamace ki shi ne awon jini na TSH don a san yadda tiroyid ɗin ke aiki, sannan hoton wuya na ekogarafi. Idan hoton ya nuna abin zargi, sai a tsotso ɗan abin da ke cikin ƙullutun da siririyar allura a duba a madubin likita. Wannan ne mai raba gardama. Cikin ƙullutai goma na tiroyid, wajen tara ba sankara ba ne. Amma idan kin ga yana girma da sauri, ya yi tauri kamar dutse, muryarki ta dishe ba mura, ko haɗiya ta fara wuya, kada ki jira hutun makaranta.

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne daga Tasawa. Maiɗakina ta yi mura, bayan sati biyu gaban wuyanta ya kama ciwo har cikin kunne, ga zazzaɓi, ga faɗuwar gaba da zufa. Ta shanye maganin kashe ƙwayoyin cuta har kwali biyu, shiru. An ce fararen ƙwayoyin jininta sun hau.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba ta lafiya. Ban taɓa wuyan da hannuna ba, amma bayaninka ya yi kama da kumburin tiroyid da ake kira ciwon De Quervain, sunan wani likitan fiɗa na ƙasar Suwis da ya bayyana shi a 1904. Yakan biyo bayan mura, kuma ya fi kama mata. Tiroyid ɗin da ya kumbura sai ya zubar da sinadarin da ya tara cikin jini gaba ɗaya, shi ya kawo bugun zuciya da zufa. A nan ne ma lissafin NLR da PLR ke da ɗan amfani, don sukan hau a wannan ciwo fiye da yadda suke hawa a cutar Basedow, wato tiroyid ya riƙa aiki fiye da ƙima, wadda ita ma ke sa faɗuwar gaba amma ba ta sa wuya zafi. Duk da haka ni na fi dogara da zafin da majiyyaci ke ji idan an danna wuyan, da awon jini na VS da CRP, masu nuna kumburi a jiki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi masa komai, ku daina ɓarnar kuɗi a famasi. Likita zai rubuta maganin kumburi, idan ciwon ya tsananta ya ba da firedinizon, mai ƙarfin kwantar da kumburi, na ɗan lokaci. Yawanci yakan warke cikin ƴan watanni, sai dai a riƙa maimaita TSH, saboda bayan hawan sinadarin a jini akan samu lokacin da aikin tiroyid ɗin ke yin sanyi, wasu ƙalilan ma su zauna a haka.

Tambaya: Ƴata tana shan karbimazol, maganin rage aikin tiroyid, wata biyu ke nan. Jiya ta tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. In ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro? Daga wata uwa a Madarunfa.

Amsa: Hajiya, ki dakatar da karbimazol ɗin yanzu, ki kai ta asibiti yau ɗin nan a yi mata NFS, kuma ki faɗa wa wanda ya karɓe ku sunan maganin da take sha. Ga ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari, wannan magani yakan share nitirofil kusan ƙarƙaf, galibi a watanni ukun farko, ya bar jiki ba mai gadi. A nan ba raba lamba ake ba, yawan nitirofil ɗin kansa ake dubawa. Mai yiwuwa sauron ne, za a auna shi ma, amma kada ta koma kan karbimazol ɗin sai likitan da ya rubuta shi ya ga sakamakon.