Buta da tabarma a akwatin 'yar makaranta

'Yata, saƙonki ya iso, na gode da gaisuwa. Kin tambayi dalilin da ya sa a gidanmu duk yarinyar da za ta makarantar kwana sai an kawo ta gaban manya an yi mata addu'a, a fara sa buta da tabarmar salla a akwatinta kafin komai. Kin zaci gadon kaka da kakanni ne. A'a, a kaina aka soma, kuma makarantar 'yan Katolika ce sanadi.

Kwalejin Sarauniya Amina ta Kakuri da kike wucewa a Kaduna, mu da sunan Queen of Apostles muka san ta. Sistocin ƙungiyar Our Lady of Apostles ne suka kafa ta a 1940, lokacin da sakandaren 'yan mata a Arewa sai an tona. Har masaƙun Kakuri ta girme su.

Da na ci jarrabawar shiga, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, gida ya hargitse. Sa'o'ina duk suna ɗakin miji, wasu da goyo. Baffanninmu suka taru a zaure suka ce wa Baba, in ya miƙa ni hannun sistoci to da gicciye a wuya za a dawo masa da ni. Ban ga laifinsu ba, kuma ba na so ke ma ki gani. Addinin 'yarsu suke ji wa tsoro, wannan kuwa ba abin raini ba ne. Shi Baba abin da ke cin ransa daban ne: ya ga matan gidanmu suna kwana da ciwo don ba za su buɗe jiki gaban likita namiji ba, mace mai ilimin da za ta duba su kuwa babu.

Daren da zan tafi, Inna ta cika akwatin ƙarfe da ƙuli-ƙuli da dakuwa da garin kwaki tana share hawaye da gefen zane. Baba ya shigo ya kwashe su duka, ya shimfiɗa tabarma a ƙasan akwatin, ya ɗora wata ƙaramar buta ta tasa, sannan ya ce a mayar da sauran kaya a kai. Ya kira baffannin nan da suka yi ta musu da shi, su suka yi mini addu'a.

Mu Musulmi 'yan kaɗan ne a can. Sistocin ba su wasa da lokaci ko tsabta, ƙararrawa na kaɗawa kowa ta miƙe. A hannunsu na koyi gyaran gado da ɗinki da Turancin da na ci abinci da shi a aikin jinya. Da asuba nakan lallaɓa da butata bakin famfo, sanyin hunturu yana yankar yatsu. Sallata na tafi da ita, na dawo da ita.

A 1972 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, zamanin gwamna Abba Kyari, ta karɓe makarantun mishan. Tamu ta koma Sarauniya Amina, St John's ta maza ta zama Kwalejin Rimi. Suna ya canja, amma har gobe in mun haɗu da tsofaffin ƙawayena, Musulmi da Kirista, tsohon sunan ne a bakinmu.

Ki kawo mini 'yar taki ranar Juma'a bayan la'asar, ki gaya wa kawunnanta su zo. Kada ki sayi buta, ta Baba tana nan a adakata.