Sa wa GSX-R750 na 1986 wilin inci 17

Kana tambaya ko babur ɗinka Suzuki GSX-R750 na 1986 zai karɓi wilin inci 17 da shokazoban wani samfurin. Zai karɓa. Ya fi sauƙi ka ɗauko gaban dungurungum, shokazoba da wili da birki, daga GSX-R750 samfurin 1988 zuwa sama, lokacin da Suzuki ta bar wilin inci 18 ta koma inci 17. Tayoyin zamani masu riƙe kwalta yawanci inci 17 ne.

Sai dai ka auna tsawon shokazoban kafin ka biya. In bai kai na asali ba, gaban zai duƙa, kan babur ya riƙa rawa in ka ba shi wuta, salansa kuma ya goge ƙasa a kwana. Wilin baya ma sai ya zauna daidai layin sarƙa, kada bakanike ya yi maka awon ido.