Tambaya da Amsa: Idan Waya Tana Ganin Jirgi, Me Ya Sa Hazo Ke Hana Shi Sauka?

Wasiƙu uku daga cikin waɗanda suka iso mana a wannan wata sun haɗu a kan batu ɗaya, wato yadda ake kula da zirga-zirgar jiragen sama da sababbin na'urori, don haka muka ware musu filin gaba ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A watan Disamba na biya kuɗin jirgi daga Gombe zuwa Abuja domin ganin likita. Mun zauna a filin jirgin sama na Lawanti tun ƙarfe goma na safe har bayan la'asar, sannan aka sanar da mu cewa jirgin ya zo ya yi shawagi ya koma saboda hazo. Ɗana ya nuna mini jirgin a wayarsa yana ta kewaya saman gari. Idan har waya ta iya ganin jirgi, yaya matuƙin da ke kewaye da na'urori zai kasa ganin ƙasa? Ko dai kamfanin ne ya yi mana wayo? Daga wani Alhaji, ɗan kasuwa a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ɗanka ya nuna maka gaskiya ne, kuma shi ne ma babbar shaida cewa jirgin ya zo ɗin, domin kamfanin da ke neman yin wayo ba zai ƙona man zuwa da dawowa a banza ba. Inda aka samu ruɗani shi ne ayyuka biyu ne daban aka haɗa su wuri ɗaya: sanin inda jirgi yake a sararin sama, da kuma saukar da tayoyinsa a kan titin da faɗinsa a galibin manyan filaye bai wuce mita 45 ba, alhali yana gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Na farko fasahar zamani ta kusa gamawa da shi. Na biyu kuwa har yanzu yana da sharuɗɗa masu tsauri.

Kowane filin jirgi yana da takardar sauka wadda matuƙi ke buɗewa tun kafin ya fara yin ƙasa, kuma a cikinta an rubuta masa lambobi biyu da ba shi da ikon tsallakewa: mafi ƙarancin nisan da ido zai iya gani, da kuma tsayin da idan ya kai bai hangi titi ko fitilunsa ba, wajibi ne ya ƙara wuta ya koma sama. Waɗannan lambobi sun dogara ne da irin na'urar da ke yi masa jagora. Wadda aka fi sani ita ce na'urar jagorar sauka da matuƙa ke kira ILS. Idan ka taɓa lura da jerin ƙarafa masu jan fenti a tsaye can bayan ƙarshen titin jirgi, kamar shingen da aka manta ba a ƙarasa ba, to rabinta ke nan. Tana aika saƙon rediyo da ke nuna wa jirgi tsakiyar titi, yayin da ɗaya rabin, wanda ke gefen titin, yake shata masa gangara mai kusurwar digiri uku, wato saukar kimanin mita 52 a duk kilomita ɗaya. A matakinta na farko, tana kawo jirgi har ƙafa 200 daga ƙasa, muddin ana iya ganin mita 550 a kan titi. Mataki na uku ne ke ba da damar sauka ko da ganin ya yi ƙasa da haka sosai, sai dai sayen na'urar kaɗai ba ya wadatarwa. Dole jirgin ya kasance yana da kayan da suka dace, matuƙan su samu horo na musamman, fitilun titi su cika, wutar lantarki ta kasance da madadin da ke kamawa nan take, sannan a riƙa zuwa da jirgin gwaji lokaci-lokaci yana auna ko saƙon bai karkace ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, lambobin da ke takardar sai su hau, kuma hazon da jiya aka sauka a cikinsa yau ya hana sauka.

Hazon namu kuma ba ƙaramin abokin gaba ba ne. Kaso mai yawa na ƙurar yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, iskar hunturu ta kwaso ta ta biyo ta kan arewa maso gabas, abin da ya sa Maiduguri da Gombe da Bauchi ke cikin waɗanda suke fara shan ta. Ni kaina na taɓa zama kusa da taga a irin wannan rana. Idan na dubi ƙasa kai tsaye ina ganin rufin kwano da gonaki sarai, amma idan na miƙa ido gaba sai fari fat kamar an shanya alawayyo. Matuƙi kuwa gaba yake duba, kuma ta cikin kaurin ƙurar yake neman fitilun titi. Yana da adadin man da zai yi jira da shi, sannan doka ta tilasta masa ajiye na zuwa wani filin da kuma na ƙarin minti 30 wanda ba a taɓawa sai a halin gaggawa. Idan man jiran ya ƙare, sai juyawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Inda nake ganin fasahar zamani za ta fi amfanar filaye irin na Lawanti da na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi shi ne sauka ta hanyar taurarin ɗan'adam. Taurarin GPS suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kuma jirgin da ya samu saƙon huɗu daga cikinsu ya san inda yake. Rauninsu shi ne ba su da cikakken daidaito wajen auna tsayi, wanda shi ne abin da mai sauka ya fi buƙata. Maganin da aka samo shi ne a kafa tashoshi a ƙasa waɗanda aka san wurinsu daidai, su auna kuskuren da ke cikin saƙon, sannan a watsa gyaran ga jirage ta wani tauraron. Amurka ta fara amfani da irin wannan tsari a 2003, Turai kuma ta amince da nata don jiragen sama a 2011, kuma da shi jirgi na iya saukowa har ƙafa 200 ba tare da an dasa waɗancan jajayen ƙarafa a filin ba. Tauraron Najeriya NigComSat-1R, wanda aka harba daga Sin a Disambar 2011, yana ɗauke da kayan watsa irin wannan gyara. Ga jihar da filinta ke karɓar jirage ƙalilan a rana sai kuma jigilar maniyyata sau ɗaya a shekara, wannan hanya ta fi sauƙin riƙo nesa ba kusa ba, ko da yake ita ma ba ta ɗauke buƙatar fitilu masu kyau da sahihin rahoton yanayi daga hukumar NiMet ba.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a fannin injiniyan lantarki. Ina so in san ta yaya manhajar waya ke samun bayanin jirage, kuma idan abin ya zo da sauƙi haka, mene ne sauran amfanin rada? Sannan ta yaya jirgin Malesiya ya ɓace alhali akwai wannan fasaha? Daga wata ɗaliba a Yalwa, Bauchi.

AMSA: Ƙanwata, sai mun fara da radar kafin mu zo kan waya. Rada iri biyu ce. Ta farko tana harba saƙon rediyo, ya bugi jikin jirgi ya dawo, ta lissafa nisa daga lokacin da ya ɗauka. Ba ta buƙatar haɗin kan jirgin, amma ba ta san sunansa ba. Ta biyu tambaya take yi a kan zangon rediyo na megahaz 1030, sai wata na'ura a cikin jirgin, taransfonda, ta amsa a kan 1090 da lambar shaidarsa da tsayin da yake. Ta wannan na'ura ce matuƙi ke iya sanar da matsala ba tare da ya furta kalma ba: 7700 na nufin gaggawa, 7600 rediyo ya mutu, 7500 kuma an yi fashin jirgin.

A Najeriya hukumar NAMA, wadda aka kafa da dokar 1999, ita ce ke kula da sararin samaniya, kuma a taswirar jiragen duniya sunan Kano yankin namu gaba ɗaya yake ɗauke da shi, da manyan cibiyoyi biyu a Kano da Legas. Aikin rada na ƙasa baki ɗaya da ake kira TRACON, wanda kamfanin Thales na Faransa ya yi, an ƙaddamar da shi a 2010 da tashoshi tara. Legas da Abuja da Kano da Fatakwal suna da nau'ukan biyu, yayin da Maiduguri da Numan da Talatar Mafara da Ilori da Obubura ke da nau'i na biyu kaɗai. Rada tana aiki ne da layin gani, saboda haka jirgin da ke ƙafa 35,000 ana hango shi daga ɗaruruwan kilomitoci, amma wanda ya yi ƙasa a bayan duwatsu irin na Tula ko Kaltungo yana iya fita daga allon. Inda babu rada, jami'i yana dogara ne da abin da matuƙi ya faɗa masa ta rediyo, ya kuma raba jirage da tazarar lokaci, sau da yawa minti goma, alhali da rada mil biyar na ruwa, wato kimanin kilomita tara, sun isa.

Abin da wayarki ke gani sabon tsari ne mai suna ADS-B. A nan ba a jiran a tambayi jirgi. Shi da kansa yake karanta wurinsa daga GPS, ya riƙa shelanta shi kusan sau biyu a daƙiƙa ɗaya ga duk mai saurare, alhali eriyar rada sai ta yi daƙiƙa huɗu zuwa goma sha biyu kafin ta kewayo. Saƙon a buɗe yake, shi ya sa manhajoji irin su Flightradar24 ke tattara shi daga dubban ƙananan na'urori da masu sha'awa suka kafa a rufin gidajensu. Ɗaliba irinki za ta iya haɗa guda da ƙaramar kwamfuta da eriyar da ba ta kai tsawon kamu ɗaya ba, kuma zan so in ga an yi hakan a matsayin aikin kammala karatu, domin yankinmu na cikin wuraren da irin waɗannan na'urori suka yi ƙaranci. Amurka ta wajabta tsarin a yawancin sararinta daga 1 ga Janairun 2020, kuma tun 2019 taurari 66 na kamfanin Iridium suke sauraren wannan saƙo daga sama, abin da ya sa aka fara ganin jirage a tsakiyar Tekun Atalantika inda babu wurin dasa rada.

Jirgin Malesiya mai lamba MH370, wanda ya ɓace ranar 8 ga Maris 2014 da mutum 239, shi ne amsar tambayarki ta ƙarshe. Taransfondarsa ta daina magana, kuma daga wannan lokaci duk wani tsarin da ya dogara da abin da jirgi ke faɗa game da kansa ya makance. Radar soja, irin ta farkon nan da ake yi wa kallon tsohon yayi, ita ce ta gan shi ya juya yamma. Bayan wannan ne hukumar jiragen sama ta duniya ICAO ta shar'anta cewa kamfanoni su riƙa sanin inda jiragensu suke aƙalla duk minti 15. Akwai kuma wani rauni da ya fito fili a 'yan shekarun nan: saƙon GPS yana isowa ƙasa da rauni ƙwarai, don haka toshe shi ko gurɓata shi da saƙon bogi ba ya da wuya. A 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa birnin Tartu na Estoniya na kusan wata guda saboda hanyar sauka a can ta dogara da GPS kaɗai, har sai da aka tanadi wata da ke amfani da na'urorin ƙasa. Duk ƙasar da ta yi gaggawar kwance tsofaffin na'urorinta don ta samu sababbi, a ganina, ta yi ganganci.

TAMBAYA: Na ji a rediyo cewa a ƙasashen Turai akwai filayen jirgi da babu kowa a hasumiyarsu. Shin na'ura ce ta karɓi aikin mutane? Daga wani malamin makaranta mai ritaya, Azare.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Labarin gaskiya ne, amma mutanen suna nan, wurin zamansu ne ya canza. A 2015 ƙasar Suwidin ta fara kula da wani ƙaramin filin jirgi daga birnin Sundsvall mai nisan kusan kilomita 150, ta hanyar kyamarori da aka ɗora a kan dogon ƙarfe suna aika hoto zuwa manyan alluna. Filin jirgin London City ya bi sahu a 2021. Jami'i ne dai yake ba da izinin sauka da tashi, kuma shi ne yake magana da matuƙi, ko da yake a manyan hanyoyin sama an fara maye gurbin wasu umarnin baki da rubutaccen saƙo don rage kuskuren ji. Irin wannan hasumiya tana rayuwa ne a kan layin intanet da wutar lantarki da ba sa yankewa ko na daƙiƙa ɗaya, kuma a nan ne za a fara auna ko ta dace da mu. Idan akwai jikanka da ke sha'awar aikin, Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ce ke horar da jami'an hasumiya da injiniyoyin da ke gyara waɗannan na'urori, kuma ana buƙatar ya iya Turanci sosai domin shi ne harshen da ake magana da matuƙan ƙasashen waje.