Tambayoyi da Amsoshi: Za Mu Hau Duwatsun Shere Ba Mu da Mota, Me Waya Za Ta Yi Mana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne abokai a Bauchi, muna son mu je Jos a ƙarshen mako mu hau duwatsun Shere. Babu mai mota a cikinmu, ta haya za mu bi. An ce mana sabis yana ɗaukewa a can sama. To idan babu sabis, Google Maps zai yi aiki kuwa? Sannan wace manhaja ce za ta nuna mana motar da za mu shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da ta biyun, don amsarta gajera ce: babu manhajar da za ta yi muku wannan. Motar tasha ba ta da agogo, sai ta cika take tashi, shi kuwa Google Maps lissafin mai motar kansa yake yi. Idan ya ce muku awa biyu ne tsakanin Bauchi da Jos, tafiyar kilomita kusan 130, bai sa zaman jiran lodi ba, bai sa tsayawa a shingayen hanya ba. Shawarata ku shiga Jos tun ranar Juma'a ku kwana, Asabar da sassafe ku fita. Duwatsun suna gabas da gari, kimanin kilomita 10, ta wajen Lamingo, keke zai kai ku kusa.

Zuwan ba ya damuna, dawowar ce abin ji. Wanda ya je da motarsa ya san tana gindin dutse tana jiransa. Ku kuwa keken da ya sauke ku juyawa zai yi ya koma neman fasinja, kuma bayan la'asar ba lallai ne wani ya biyo ta wajen ba. Don haka ku yi shata da mai keken tun daga gari, zuwa da dawowa. Ku karɓi lambarsa, mutum biyu su ajiye, a kira shi a gabansa ku ji wayarsa ta yi ƙara. Ku tsayar da lokaci, ku ba shi rabin kuɗi, rabin sai ya dawo. Kafin ya tafi, a daidai inda kuka sauka, ku buɗe taswira ku danne wurin da yatsa har alama ta fito, ku adana ta da suna. A duk tafiyar nan babu abin da ya kai wannan alamar daraja a wayoyinku.

Yanzu ga batun sabis. Mutane da yawa suna ɗauka cewa data ce ke gaya wa waya inda take. Ba haka ba ne. Aikin GPS ne, wato taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200, kullum suna watso sigina. Waya saurare kawai take yi, kamar akwatin rediyo, ba ta aika musu komai. Da zarar ta ji guda huɗu, sai ta lissafa inda take. Ko ka cire layi, ko ka sa ta a yanayin jirgin sama, shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake a taswira zai fito. Bambancin kawai shi ne idan babu data takan ɗan jima kafin ta kama, wani lokaci 'yan mintuna, kuma tana son sararin sama a buɗe. A lungun da manyan duwatsu suka rufe za ka ga ɗigon yana tsalle, sai ka fito fili ya daidaita.

Abin da ke cin data shi ne hoton taswirar kanta. Idan ba ka sauke ta ba, za ka ga ɗigonka a kan farin fili babu hanya babu suna. A Google Maps, taɓa hotonka da ke sama ta dama, shiga inda aka rubuta Offline maps, ja akwatin ya rufe Jos da gabashinta, ka sauke. Amma ka sani, idan babu intanet hanyar mota kawai yake iya zana maka, ba ya ba da hanyar ƙafa. Saboda haka nake so ku ƙara da Organic Maps ko OsmAnd. Dukkansu suna amfani da bayanan OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai suke zanawa tun 2004, kuma an gina su ne don aiki ba tare da sabis ba. Organic Maps kyauta ce, tana kuma nuna layukan tudu: inda layukan suka matsu da juna, wurin yana da tsayi a miƙe, a kauce masa.

Abin da na fi so a cikinsu shi ne naɗar sawu. Kuna barin keke, mutum ɗaya ya kunna, wayar za ta riƙa zana layi a duk inda kuka taka. Idan hazo ya sauko ko hanya ta rikice, sai ku bi layin nan ku koma. Ku gwada wannan tun a Bauchi: sa wayar a yanayin jirgi, zaga unguwa, ka ga ko layin ya fito. Wasu wayoyin suna kashe manhaja da zarar fuskar wayar ta mutu don tattalin batir, sai layin ya yanke. Idan ka ga haka, shiga saitin batir ka cire wa manhajar takunkumi.

Duk da haka ina roƙonku kada ku hau ku kaɗai. Ƙololuwar Shere ta kai kusan mita 1,829, kuma yawancin ƙananan hanyoyin da mutanen wurin ke bi babu wanda ya zana su a taswira. Akwai cibiyar horar da shugabanci ta gwamnatin tarayya a yankin, wadda aka fi sani da Man O' War, akwai kuma ƙungiyoyin masu hawan dutse a Jos da ke fita a ƙarshen mako. Ku nemi ɗan jagora, ku kuma tambayi mutanen gari halin tsaro a wannan makon. Wannan labarin a bakin mutane yake, ba ya cikin waya.

Tambaya: Malam, wayata mai batir 5,000 ce, ina da fawa bank mai 10,000. Na ɗauka zai cika ta sau biyu, amma sau ɗaya da ɗan kaɗan yake yi. Jabu aka sayar min? Zai ishe ni yini guda a daji? (Daga wani mai karatu a Kaduna)

Amsa: Ba lallai jabu ba ne. Lambar da ke jikinsa an auna ta ne a kan ƙarfin ƙwayar batirin da ke ciki, bolt 3.7. Kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko fiye, wayar kuma ta sake sauke ta, kowane juyi yana cin wani abu ya fita a zafi. Shi ya sa mai 10,000 na ƙwarai yakan ba da tsakanin 6,000 da 7,000 ne. Naka lafiyarsa lau, kuma zai ishe ka yini.

Abin da ke shanye caji a daji neman sabis ne. Idan waya ta yi nisa da turken sadarwa, sai ta ƙara ƙarfi tana ta lalube, har ka ji ta ɗumi a aljihu alhali ba ka taɓa ta ba. Sa ta a yanayin jirgi, ka riƙa buɗewa idan kun kai tudu. Na biyu shi ne hasken fuska a cikin rana, sai ɗaukar bidiyo. Idan kuna da yawa, ku raba aiki: ɗaya ta taswira, ɗaya ta hotuna, ɗaya a kashe ta gaba ɗaya a ajiye a jaka. In akwai mai ƙaramar waya ta maɓalli a gida, a tafi da ita, da layin wani kamfani daban da na sauran. Kuma kada a manta igiyar cajin, a gwada ta tun da dare.

Tambaya: Ƙanena ne zai je irin wannan tafiya, hankalin Umma bai kwanta ba. Ta yaya zan riƙa ganin inda yake? (Daga wata 'yar'uwa a Zariya)

Amsa: 'Yar'uwa, WhatsApp yana da tura wuri kai tsaye, na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Ya zaɓi na awa 8. Sai dai data yake buƙata. Idan sabis ya ɗauke, za ki ga hotonsa ya tsaya a wuri ɗaya, a ƙasa an rubuta lokacin da aka gan shi na ƙarshe. Ki yi wa Umma wannan bayanin tun kafin ya tafi, don kada tsayawar ta tayar mata da hankali a banza.

Saƙon tes ya fi komai juriya, yakan fita ko da sanda ɗaya ce. Ya koyi kwafo lambobin wurin da yake daga taswira, layi biyu ne na alƙaluma, ya turo miki ta tes duk lokacin da suka huta. Kina liƙa su a Google Maps za ki ga wurin. Ku kuma yi alkawarin lokaci: idan ƙarfe biyar ta yi ba ki ji shi ba, wa za ki kira? Ya bar miki lambar ɗan jagora da ta mai keken, a rubuce. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, kyauta, kuma waya takan gwada fitar da ita ta kan kowane kamfani da ke da sabis a wurin. Inda babu ko ɗaya, ita ma ba ta fita.

Ya riƙe kuɗi a hannu, ƙananan takardu. Tiransifa da lambobin banki masu farawa da alamar tauraro (*) duk sabis suke jira, mai keke kuma ba zai tsaya jiran alat ba.

Tambaya: Manhajar alƙibla tana aiki a kan dutse babu data?

Amsa: Tana yi, muddin wayar tana da na'urar kamfas a ciki. Wasu wayoyi masu araha ba su da ita, za ka ga kibiyar ba ta motsi ko ka juya. Idan taka tana da ita, nisanta ta daga fawa bank da duk wani ƙarfe ko maganaɗisun murfin waya, ka wulwula ta a iska kamar kana rubuta 8 sau biyu ko uku. Daga Jos alƙibla tana kusan digiri 65 ne daga arewa, wato gabas maso arewa. Idan wayar ba ta da kamfas, da azahar ka duba layin sawun da ka naɗa: saman taswira arewa ne, sai ka daidaita da hanyar da ka biyo.