Tambaya da Amsa: Ina So In Bar Chrome, Amma Ina Tsoron Rasa Kayana

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, shekara bakwai ke nan ina amfani da Chrome a kwamfutata. Kwanakin baya 'yar manhajar da ke tare mini tallace-tallace, uBlock Origin, ta daina aiki. Yanzu ko darasi nake nema, sai talla ta rufe mini rabin shafi. Ƙanena ya ce in koma Firefox, ni kuwa tsorona kada in rasa kalmomin sirrina da shafukan da na adana. In na koma, waɗanne manhajojin ƙari zan ɗora?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, kwamfutarki lafiya lau take. Kamfanin Google ne ya canza dokokin da manhajojin ƙari ke bi a cikin Chrome, sabon tsarin da ake kira Manifest V3, kuma tun daga 2024 ya fara kashe waɗanda ke kan tsohon tsari. uBlock Origin na cikinsu. Akwai ƙanwarta, uBlock Origin Lite, wadda ke aiki a Chrome har yanzu, sai dai ba ta kai yayarta ƙarfi ba.

Shawarar ƙanenki tana kan hanya. Sauran burauzoji, wato manhajojin shiga intanet, irin su Edge da Opera da Brave duk a kan injin Chromium aka gina su, wato uwarsu ɗaya da Chrome. Firefox kuwa na Mozilla ne, yana da injinsa na kansa mai suna Gecko, kuma cikakkiyar uBlock Origin tana aiki a cikinsa.

Batun kwashe kaya bai kai yadda kike tsoro ba. Bayan kin saukar da Firefox daga shafin Mozilla, ki shiga Settings, ki nemi wurin da aka rubuta Import Data, ki zaɓi Chrome. Zai kwaso shafukan da kika adana, da tarihin bincikenki, da kalmomin sirri. Kwafa yake yi, na cikin Chrome suna nan yadda suke. In kalmomin sirrin suka ƙi zuwa, za ki iya fitar da su daga Chrome a fayil na CSV, wato fayil mai jerin rubutu zalla, ki shigar da shi cikin Firefox. Amma don Allah, da kin gama ki goge fayil ɗin, har daga kwandon shara, domin duk wanda ya buɗe shi zai karanta kalmominki tas, babu wani kulle a kansa. Ki ajiye wayarki kusa a ranar, saboda imel da banki za su ga sabuwar burauza su aiko miki lambar tabbatarwa. Kuma kada ki cire Chrome tukuna. Ki bar shi kamar wata guda, ko da wani shafin wurin aiki zai yi miki gardama.

Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi damuna. Yawancin manhajojin ƙari, lokacin da za ki ɗora su, suna neman izinin ganin bayananki a duk shafin da kika shiga. Mutane na danna amincewa ba tare da sun karanta ba. Ma'anar izinin nan ita ce manhajar tana iya ganin abin da ke cikin imel ɗinki da abin da kike rubutawa a shafin banki. Tamkar kin ba baƙo makullin ɗaki ne. Kuma manhaja ta gari tana iya lalacewa daga baya: The Great Suspender, wadda mutane kusan miliyan biyu ke amfani da ita, mai ita ya sayar da ita a 2020, sabon mai ita ya cusa mata mugun abu, har Google ya cire ta a Fabrairun 2021. Shi ya sa ni, da a da nake da goma sha biyu, yau uku kawai na bari.

Ta farko uBlock Origin. Ki duba sunan wanda ya rubuta ta, Raymond Hill, don akwai masu kwaikwayon sunan. Ita kaɗai ta isa wajen tare talla, kada ki haɗa ta da wata, sai su riƙa karo da juna shafuka su lalace. Ta biyu Multi-Account Containers, ta Mozilla ce da kanta, kuma ina ganin za ta yi miki amfani sosai: za ki buɗe imel ɗin makaranta a shafi ɗaya, naki na kanki a wani, ba sai kin fita daga wannan kin shiga wancan ba. Ta uku Dark Reader, mai mayar da farin shafi baƙi, ga mai duba aikin ɗalibai da dare. In idonki ba ya damunki, ki ƙyale ta.

Duk wadda za ki ɗora, daga rumbun manhajojin Mozilla za ki ɗauko, kuma ki fifita masu alamar Recommended, waɗanda ma'aikatan Mozilla ke bincikawa. In wayarki Android ce, Firefox na waya ma yana karɓar uBlock Origin, abin da Chrome na waya ba ya yi. Ki buɗe asusun Mozilla ki shiga da shi a na'urorin biyu, kalmomin sirrinki da shafukanki za su riƙa bin ki daga kwamfuta zuwa waya.