Amsa: Nisan Legas zuwa Guwanzu a jirgin sama

Malam, ka tambayi nisan filin jirgin Murtala Muhammed da na Baiyun a Guwanzu ta Sin. A miƙe, kusan kilomita 11,700 ne. Amma mu 'yan sari yawanci ta Addis Ababa muke bi: Legas zuwa Addis wajen kilomita 3,900, awa 5 da 'yan kai, daga can zuwa Guwanzu kusan 8,000, awa 10 ko fiye, ƙafa har kumbura take. Ka ƙara da zaman jiran canjin jirgi. Agogonsu ya riga namu da awa 7, kada ka kira Hajiya kana sauka ba ka lissafa ba. Kuma in daga unguwar Alaba Rago ta Legas za ka taso, fito da wuri, cunkoson hanyar Ikeja, inda filin jirgin yake, ya taɓa sa ni kwana a filin jirgi.